Kabarin Wa Za Mu Nuna wa Baƙo?

Duk wanda ya bi kwalta daga Maraɗi zuwa Damagaram, da ya wuce Tasawa kaɗan zai iske Maijirgi. A garin nan akwai kaburbura biyu na Nasara, Paul Voulet da Julien Chanoine, hafsoshin sojan Faransa da suka mutu a watan Yulin 1899. An san sunayensu, an san iyayensu, an san ranar da kowannensu ya faɗi. Mutanen da suka kashe kuwa, tun daga bakin kogin Kwara har ƙasar Tasawa, ba wanda ya ƙidaya su, balle a kai ga rubuta suna. Duk ranar da aka ce za a buɗe wa masu yawon buɗe ido wannan tarihi, kaburburan nan biyu ne ke tsaye a shirye, su za a fara nunawa. Abin da ke damuna ke nan.

Bari in ba da labarin a taƙaice, don yaran yanzu da yawa sunan Sarauniya kaɗai suka sani, shi ma daga gidan rediyo.

A ƙarshen ƙarni na 19 Faransa ta shirya runduna uku su haɗu a Tafkin Cadi: ɗaya ta keto Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta hauro daga Kongo, ta uku ta biyo ta yamma. Ta ukun aka damƙa wa Voulet, wanda ya ci Wagadugu da yaƙi a 1896, da abokinsa Chanoine, ɗan wani janar da ya riƙe ministan yaƙi. Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojojin da aka ɗebo daga yamma, 'yan dako ɗaure da igiya a wuya, da matan da ake kamawa a hanya ana raba wa soja. Ba a ba su guzurin kirki ba. Ayarin dubban mutane da dabbobi, cikin rani, a ƙasar da rijiya ɗaya ke shayar da gari guda. Duk inda suka sauka sai rumbu ya koma wofi, rijiya ta ƙafe, wanda ya yi gardama a harbe shi, in za a tashi a cinna wa gari wuta.

A watan Janairun 1899, a Sansane Hausa da ke bakin kogi, an kashe mutum 101, har da mata da yara. A watan Afrilu, a Lugu ta ƙasar Dogon Dutsi, maharban Sarauniya Mangu suka tare su da kibau, suka kashe musu soja huɗu, sannan suka janye cikin kurmi. A watan Mayu aka afka wa Birnin Ƙonni, birni mai ganuwa, aka yi kisan da ya fi kowanne muni. Wani hafsa mai suna Péteau, da Voulet ya kora, ya rubuta wa budurwarsa abin da idonsa ya gani, wasiƙar ta yi yawo har ta kai hannun gwamnati a Paris. Aka tura Kanar Klobb, wanda ya riƙe Tumbutu, ya bi sawunsu. Bai sha wahalar neman sawu ba: toka, gawa a rijiya, 'yan mata ƙanana rataye a reshen itace, duk ya rubuta su a littafinsa na tafiya. Ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, aka kashe shi. Daga nan ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, sarkin baƙar fata ne yanzu, daula zai kafa. Sojojinsa suka ga abin ya wuce gona da iri, suka juya masa baya. Suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17.

Sauran rundunar ba ta koma gida ba. Ta ci Damagaram kafin watan ya ƙare, daga nan wasu hafsoshi biyu, Joalland da Meynier, suka wuce har Cadi, inda aka kashe Rabe a Kusiri a watan Afrilun 1900. A Paris majalisa ta ƙi kafa kwamitin bincike, aka ce zafin ranar ƙasar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mutum biyu. Aka tsine wa ɓarayi, aka riƙe kayan sata.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, ɗan ƙanwata ne. Ya gama karatu a jami'ar Maraɗi, aiki bai samu ba, ya dawo garinmu Ɗan Gulbi yana taya ubansa noma. Wani yammaci ya same ni a tabarma ya miƙo mini wayarsa, ya zana taswira: layi ja daga Lugu zuwa Ƙonni, zuwa Tibiri, zuwa Koran Kalgo da Dankori, ya ƙare a Maijirgi. Mota mai sanyi, masauki a Maraɗi, mai jagora da ke jin Faransanci da Ingilishi, har ya yanke kuɗin kowane baƙo. Ya ce, "Kawu, Sanagal na ci da Gore, Gana na ci da Elmina. Mu da aka yi wa ɓarna a ƙofar gida, me zai hana mu ci?"

Ban yi masa dariya ba, don maganarsa na da ƙafa. Na koyar a lakwal shekaru masu yawa, kuma na san inda ɗalibaina suke: wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu ramin zinariya a Jado, wasu na tura baro a Kano da Legas. Wanda cikinsa ke cike ne ke da saurin cewa kuɗi ƙazanta ne. Gana ta kira 2019 Shekarar Komowa, cikar shekara 400 da sauke bayin farko a Virginia, jikokin bayi suka yi ta zuwa daga Amurka, masu otal da direbobi da masu abinci suka samu. Ba zan ce haramun suka ci ba. Na dai ce masa, "Ɗana, kafin ka yanka farashi, faɗa mini abin da za ka sayar."

Kasuwa ba ta sayen abin da ba a gani. Mai yawon buɗe ido ya biyo dubban kilomita, yana son abin da zai tsaya kusa da shi a ɗauke shi hoto. A Ƙonni me za ka nuna masa? Gari ya cinye tsohon wurin, shaguna ne da tasha da masu canjin naira. A ƙauyukan da aka ƙone, gero ne ke tsirowa. A Maijirgi kuwa ga kabari, ga suna, ga kuma tatsuniya mai daɗi: a 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tona kaburburan, aka ce an iske su wayam. Daga nan zance ya bazu cewa Voulet bai mutu ba, ya tsere arewa ya zama sarki cikin Buzaye. Ka ga labarin da baƙo zai so. Zai koma gida da labarin Bature da ya haukace a cikin daji, mu kuma mu zama dajin. Mata da yara kimanin 150 da aka kashe a ƙasar Tasawa cikin kwanakin ƙarshe na rundunar sai su zama jimla ɗaya a bakin mai jagora, kafin a koma mota a sha ruwan sanyi.

Ko inda namu ne gwarzon, kasuwa na gyara shi yadda take so. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya buga littafinsa kan Sarauniya a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Aikin nan ya ɗaga kanmu, ba mai musu. Shi ya fito da sunan Mangu daga ƙauye ya kai shi duniya, har yau ga gidan rediyo da lambar girma ta ƙasa da sunanta. Amma ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara gishiri yadda sana'arsa ta ba shi dama. Sarauniyar fim budurwa ce mai kwari da baka a gaban mayaƙa. Sarauniyar da mutanen Lugu suka sani, wadda har yanzu ake naɗawa in wata ta rasu, uwar gari ce mai riƙe da al'adar Azna, zamanta cikin ɗaki ya fi yawa, ba kowa ke kutsa kai wurinta ba. To in motoci suka fara zuwa, wacce baƙi za su nema? Ta fim. Ba za a daɗe ba wani mai wayo zai samo yarinya ya rataya mata kwari, ya ce hoto jika biyu. Bayan shekara ashirin yaran Lugu da kansu su ɗauka haka abin yake.

Lissafi ma haka. Waɗanda aka kashe a Ƙonni, wasu na cewa dubu, wasu na cewa dubbai da yawa. Mai neman baƙi babban adadi zai ɗauka kullum, don shi ke sa a riƙe baki. An yi haka a Gore. Gidan Bayi na tsibirin, da ƙofarsa mai fuskantar teku, ya karɓi Paparoma John Paul na Biyu a 1992, ya karɓi Obama a 2013, kuma shekaru ana gaya wa baƙi miliyoyin bayi sun fita ta ƙofar nan. Masana tarihi suka bincika suka ce waɗanda suka bi ta Gore ba su kusa kai haka ba. Cinikin bayi gaskiya ne, azabarsa gaskiya ce, amma da aka kama ƙari a wuri ɗaya sai masu son musun abin gaba ɗaya suka sami abin riƙewa. Jikokin waɗanda Voulet ya kashe sun kai kokensu ga Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman Faransa ta amsa laifi ta buɗe takardunta. Mai irin wannan shari'a ba ya bukatar mai jagora da ke ninka gawa don a ƙara masa goro.

Mu nan Ɗan Gulbi ba mu da kabarin Nasara, ba mu da ganuwar da aka rusa. Masifarmu yunwa ce. Tsofaffi na ba da labarin Kakalaba ta wajen 1914 kamar yadda suka ji daga iyayensu. Ta 1984, da muke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, da idona na gan ta. Amma a 2005 na san yadda ake ji in an zo kallonka. Fari da fara sun ci amfanin damanar 2004, kuɗin tiyar hatsi ya ninka, mata na jiƙa anza kwana da kwanaki su cire mata ɗaci kafin a dafa. Shugaba Tandja na cewa ba yunwa a ƙasar, hotunan yaran Maraɗi kuwa na yawo a talabijin ɗin duniya.

Na raka matar wana wata cibiyar ciyar da yara a Dakoro, da ɗanta goye. Ana sa wa yaro wani zare mai launi a damtse, in ya nuna ja an karɓe shi, sannan a rataye shi a sikeli cikin wani ɗan wando yana ta tsala ihu. Ranar nan wani mai ɗaukar hoto ya zo da tafinta. Yana bin tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya kan namu, ya duba, ya wuce, don namu ya fara murmurewa, kumatu sun ɗan dawo. Can ƙurya ya sami wanda yake nema. Tafinta ya ce da uwar ta ɗan janye zane a ga haƙarƙarin. Ta janye. Ba wanda ya tambayi sunanta, ko garinsu, ko ta yarda. Matar wana ta juyo ta ce mini a hankali, "Malam, shi wannan magani yake ba da wa?" Na ce a'a, hoto yake ɗauka. Ta ce, "To Allah ya ba shi abin da yake nema."

Ga inda maganar ke da wuya. Hotunan nan su suka kawo taimako. Kafin a nuna su, an yi ta kiran duniya ba ta amsa ba. Bayan an nuna su jirage suka sauka da abinci, yara da yawa da ke noma yau da su aka cece su. Ba zan iya cewa da bai zo ba ya fi. Abin da na riƙe shi ne an sami amfani, an kuma ci mutunci, a lokaci guda, kuma cin mutuncin ba dole ba ne. Tambaya ɗaya da sallama sun isa su kawar da shi. Mutuwar wani tashin wani, haka duniya take, amma mai tashin ya san a kan wa ya tashi.

Shiru kuma ba magani ba ne, kada a ɗauka abin da nake kira ke nan. A duba Satiru, kudu da Sakkwato. A watan Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudo, tare da Ɗan Makafo wanda ya tsallako daga ɓangaren Faransa, suka fatattaki sojan Ingila da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, da dawakin sarakuna a baya, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka baje garin, aka la'anci duk wanda ya sake gini a wurin. Ba wanda ya ci kuɗi da Satiru, ba wanda ya yi hoto yana dariya a kan kufanta. Amma ka tambayi ɗalibai goma a Sakkwato ko Maraɗi, ka ga nawa suka taɓa jin sunan. Wanda ya yi kisan ba abin da ya fi so irin wannan.

Akwai waɗanda suka sami hanya tsakani. A Kigali, wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994 da aka buɗe a 2004, an binne mutum fiye da 250,000. Ba a biyan kuɗin shiga, mai niyya ya ba da gudummawa. Akwai bangon sunaye, akwai ɗakin hotunan yara, kowane da sunansa da abincin da ya fi so da yadda aka kashe shi. A Auschwitz ta ƙasar Folan, inda 'yan Nazi suka hallaka mutum fiye da miliyan ɗaya, shiga kyauta ne, aikin mai jagora ake biya. Duk da haka a 2019, shekarar da baƙi suka haura miliyan 2, sai da masu kula da wurin suka roƙi mutane su daina wasan tafiya kan layin dogon da ya kawo mutane mutuwa don a yi musu hoto. Wato ko an tsara, sai an yi ta tsawatarwa.

Mu ma ba baƙin wannan ladabi ba ne. Mutanenmu na zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato tun kafin a yi kwalta. Ka tuɓe takalmi, ka yi sallama, ka yi addu'a, ka ba masu tsaron wurin sadaka gwargwadon hali. Masu masauki da masu abinci da masu sayar da littattafai a kewaye suna samu, ba wanda ya ce sun sayar da Shehu. Kowane yaro a garinmu ya san ba a shewa a maƙabarta, ba a ciniki a kanta, ba a taka kabari. Mutanen Lugu ma suna da nasu ƙa'idojin na wanda zai shiga da inda zai tsaya, kuma nasu ne za a bi a garinsu, ko baƙon minista ne.

Don haka na ce wa ɗan ƙanwata ban hana shi ba. Ya karɓi kuɗin motarsa, da na masauki, da na bakinsa da iliminsa, wannan guminsa ne. Mata su sayar da fura da tabarmin kaba, wannan ma gumi ne. Amma kada a kafa tebur da tikiti a bakin ramin da aka zuba kakannin mutane. Kuma mai faɗin labarin Ƙonni ya zama ɗan Ƙonni wanda dattawan garin suka yarda da shi, su ne za su ce ga inda za a tsaya, ga inda ba a hoto, ga ranar da ba a karɓar baƙi. In sun ce ba sa so sam, magana ta ƙare. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: wanda ya ci da sunan matattu, akwai rijiya da aji da ɗakin shan magani da jikokinsu ke bin sa. Abin da ya burge ni a fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda Femi Nylander ya bi hanyar rundunar a cikinsa, shi ne wuraren da ya yi shiru ya bar tsofaffin garuruwan suna magana da Hausa, suna faɗin abin da kakanninsu suka gaya musu.

Ya ce, "Kawu, duk wannan sai Turawa sun zo." Na ce wane Bature? Tun da aka kashe Faransawa shida da direbansu da mai jagoransu a dajin raƙuman dawa na Kure a watan Agustan 2020, ƙafar baƙi ta ɗauke, bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma sai abin da ya ƙaru. Baƙon da ke nan kusa ɗan lakwal ne daga Maraɗi da Tawa, da ɗalibin jami'a, da ɗan kasuwar Katsina ko Illela wanda wataƙila kakansa daga Ƙonni ya gudu a shekarar nan bai koma ba. Waɗannan ba su da kuɗin otal, amma su ne masu tarihin. A Yamai an sauke sunan de Gaulle daga babban titi a 2024 an sa na Djibo Bakary. Sauya allo aikin yini ɗaya ne. Wanda ya fi shi wuya shi ne malamai su ɗauki ɗalibai da waya, su bi gida gida a Lugu da Ƙonni da Tibiri da Koran Kalgo, su naɗi muryar tsofaffi: wa aka kashe a gidanku, wa aka tafi da ita, ina kuka gudu. Masu shekara tamanin na yau sun zauna da waɗanda suka ga abin da idonsu, kuma kowace shekara raguwa suke.

In an tara sunayen, a kafa allo a Maijirgi da Hausa, boko da ajami, wanda ya fi kaburburan nan biyu tsawo, a jera garuruwan da aka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu suna cikin littafin Klobb da rahotannin hafsoshin rundunar, waɗanda ke ajiye a gidan adana takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence a kudancin Faransa. Kwafinsu ya kamata ya zo jami'o'in Maraɗi da Damagaram, inda ɗan Tasawa zai iya zama ya karanta ba tare da neman biza ba.